Kwanukan Hajiya

Shekarar da na shiga jami'a ban samu gado a ɗakunan kwanan ɗalibai ba, sai Baba ya kama min haya a Gaya, a shagon ƙofar gidan wata tsohuwa. Kullum da safe in hau mota zuwa Wudil, inda jami'ar take, da yamma in dawo. Ɗakin nan kuwa in na miƙe ƙafa, sai ta leƙa titi tana gaisawa da masu wucewa.

Ranar da zan baro garinmu Toranke, can ƙasar Ajingi, Umma ta cika min buhu da gero da wake da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, kamar wanda zai je yaƙi. Sannan ta kama kunnena.

"Duk wanda ya ba ka abinci, kar ka kuskura ka mayar masa da kwano wayam. Mu ba ma haka."

Na ce to. Abin da ita da ni muka manta shi ne, ni ko ruwan zafi na ɗora sai ya ƙone.

Washegarin zuwana sai ga Hajiya mai gidan da kanta, da kwanon ɗumamen tuwo. Tsohuwa ce 'yar firit, 'ya'yanta duk sun watse, ita kaɗai take girki kamar ta tara gayya.

"Maigidana, ka tashi? Kai, wannan miji nawa da rama! Iska ce ta kawo ka daga Ajingi?"

"Ai tun da na auri tsohuwa nake ramewa, Hajiya."

"Ja'iri! Ungo."

Na cinye tas, na wanke kwano. Zan miƙa mata ke nan sai kunnena ya yi zafi, daidai inda Umma ta kama. Na ce bari in dafa wani abu in saka. Na kunna risho na ɗora garau-garau. Shinkafar ta zama kunu, waken kuwa da za a ɗura shi a bindiga da an kashe kura. Na zuba wa akuyar maƙwabta, ta shinshina, ta dube ni, ta tafi. Sai na tura kwanon bayan ƙofa, na ce gobe.

Goben ta zo da wani kwanon, na dambu. Jibi kuma na fate. Ni ina ta gwaji, akuya tana ta ƙi, kwanuka suna ta hawa kan juna har suka kusa taɓa rufi. Na koma fita da sanɗa, takalmi a hannu. Abinci ya fara zuwa a faranti, daga nan a murfin tukunya, ran nan har a ƙwarya. Hajiya ba ta taɓa tambaya ba, amma wasan ya ragu. Ta daina ce min maigida, ta koma "ɗan makaranta". Wannan ya fi yunwa ci min rai, don a duk garin ita kaɗai ce take tambayata ko na ci abinci.

Sai abinci ya tsaya cak.

Ranar Asabar da hantsi ina kwance, cikina yana karanta min darasi, na ji sallama. Kafin in tare ƙofa ta shigo, riƙe da tukunya gaba ɗayanta. Ƙyauren ya bugi tulin kwanukan, suka zubo da ƙarar da na tabbata an ji ta har ƙauyen Balan.

Ta daɗe tana kallonsu.

"Ɗan nan, sayar da su za ka yi? Ni na zaci abincin ne ba ka so, kake jin kunyar dawo min da shi."

Muryarta ta yi ƙasa sosai. Nan na zayyana mata komai, da kunnen, da risho, da akuya. Ta yi dariya har ta zauna a kan buhuna. Sai ta tsaya, ta shaƙi iska.

"Me nake ji haka?"

Ta kwance bakin buhun, ta ɗauko daddawa ta kai hanci.

"La ilaha illallahu! Kana kwana da daddawar Toranke, ni ina can ina sayen ta kasuwa mai kama da kashin awaki? Uwarka cewa ta yi ka dafa, ko cewa ta yi kar ka mayar wayam?"

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Tare muka kwashe kwanukan zuwa cikin gida, kowanne da ɗan abin da na zuba: wannan kuka, wancan wake. Tun daga ranar kwano yake shiga da ɗanye ya fito da dafaffe. Da na je hutu Umma ta ga kumatuna, ta ce ashe na iya girki. Na ce sosai ma. Ta ƙara min buhu na biyu.

Da na dawo, tun daga zaure na ji muryar Hajiya.

"Maigidana ne? Shigo da kayan, risho kuma ka bar shi ya huta, don Allah."