Gilashin Yayar Ido Ɗaya

Ido Ɗaya ake ce masa, ba don ya rasa ido ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana kanne na hagu yana leƙa madubin gwaji mai nuna ƙwayoyin cuta da na dama, a wani ɗan ɗaki mai taga guda a bayan asibiti, har kannewar ta zame masa jiki. Allah ya jiƙansa, Talatar da ta wuce aka kai shi makwancinsa.

Aikinsa gwajin jini da fitsari da kaki. Ba ya ɗora gilashi a ƙarƙashin madubi sai da bisimilla, in kuwa ya ga ƙwayoyin jini sun jeru sai ka ji ya ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya ƙagi wannan." Yakan ce wata natsuwa ce ke saukar masa a wurin, irin wadda yake ji a sujada. Likitan asibitin ba ya son jin haka.

"Liman," in ji shi daga bakin ƙofa, "sakamako nake jira, ba wa'azi ba."

A masallaci kuma ɗan boko ne mai ganin ƙwari. Nan a ce ya cika addini, can a ce ya cika boko, shi kuwa bai taɓa ganin inda biyun suka raba hanya ba.

Sai tari ya kama Yaya, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta rame har awarwaronta na zamewa. Mijinta tela ne, mai ibada, mai taurin kai. Ya ce sammu ne, ya dage da ruwan addu'a. Ido Ɗaya ya lallaɓa ya karɓi kakinta a kwalba, ya shafa a gilashi, ya zuba rini kamar yadda aikin ya tanada, ya leƙa. Ga ƙwarin cutar nan, jajaye sirara a kan shuɗi. Tarin fuka ne. Magani kullum, wata shida cur, ba fashi.

Tela ya ce atafau. A nan ne Ido Ɗaya ya yi kuskuren da ya ci shi. A tunaninsa gani ya kori ji, don haka ya ja mijin Yaya har ɗakin gwaji.

"Malam, leƙa da kanka."

Tela ya sunkuya. "Gashin idona kawai nake gani."

"Matso kaɗan. To, yanzu fa?"

"Ga wasu jajayen zare. Wannan ne zai kayar da mace mai 'ya'ya biyar? To wa ya sa musu ja?"

"Ni ne, da rini. In ba a rina su ba, ba sa fitowa."

Tela ya miƙe yana dariya. "Kai ka rina abinka, sannan ka ce in zo in sha mamaki? Ƙanina, da zare nake cin abinci. Ba ni za a koya wa rini ba."

Takaici ya kama Ido Ɗaya. Ya manta cewa shi ma sai da ya shekara yana leƙe kafin idonsa ya iya karanta abin da ke ciki.

Da ƙyar, da sa bakin dangi, Tela ya yarda a sha maganin, amma da ruwan addu'arsa za a haɗiye. Ido Ɗaya ya ce ya ji ya gani, ai wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. Kullum da safe kafin aiki sai ya hau kekensa, ya tsaya a kan Yaya har ta haɗiye. Da likita ya ji labari sai ya taɓe baki: "Ka ga irin mutanenka ko, Liman?"

A wata na uku Yaya ta murmure, kumatu suka dawo. Tela ya ce alhamdu lillahi, addu'a ta ci, ƙwaya ta isa haka. Ido Ɗaya ya durƙusa a tsakar gida, mutum mai furfura, yana rantsuwa cewa ƙwarin kwanciya suka yi, ba mutuwa ba.

"Auta, tashi, kana ba ni kunya," in ji Yaya, tana shafa kansa. "Maganin nan tayar min da zuciya yake yi. Dube ni mana, ai na warke."

Kwana goma yana zuwa da magani a aljihu yana komawa da shi. Bayan wata bakwai tarin ya dawo, wannan karon maganin bai ƙara yi masa komai ba. Shi da kansa ya duba gilashinta na ƙarshe.

A zaman makokin Yaya, Tela ya kama hannunsa yana hawaye. "Kwana ne ya ƙare, ƙanina."

"Na sani, Malam," in ji shi. "Ban taɓa musun wannan ba."

Bai yanke gaisuwa da Tela ba. Amma shekara tara da ya yi bayanta, ana tsakiyar hira sai ka ga ya girgiza kai, ya ce, "Wata uku fa. Wata uku kacal ya rage mata."