Kilishin Kifin da Ya Kusa Raba Ni da Jama'a

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Kun saba da tsokanata, amma yau ba ita na kawo ba. Sama da shekara talatin ina riƙe da wannan labari, ko matata rabinsa ta sani.

Farkon shekarun casa'in ne. Ina saurayi a New York, ina sayar da agoguna a bakin titin Canal Street, ina kwana a unguwar Park Hill. Mu biyar ne a gida, Yaya Mamman mutumin Maraɗi shi ne babbanmu. Faranti ɗaya muke ci.

Ni ne shaiɗanin gidan. Na zuba wa mutum gishiri a shayi, na ɓoye takalmin liman. Ba a yarda da maganata sai an bincika.

Wata rana mai kifi na kusa da teburina ya nuna min salmon, wani babban kifi mai jan nama. Ya ce iri biyu ne: na kiwo, da wanda aka kamo a ruwan Allah. Nan take na yanke hukunci irin namu. Kazar gida ta fi ta gidan gona, to na ruwan Allah ne mai lafiya. Ban yi boko ba, allo kaɗai na yi, amma ranar ji nake kamar likita.

Na yanka shi fale-fale, na shafe da tunkuza da yaji, na shanya a kan ƙarfen hitar da ke ɗumama ɗaki kwana biyu. Wuta ba ta taɓa shi ba. Na ce musu kilishi ne aka aiko min daga gida.

Kowa ya kai baki. Yaya Mamman ya tauna, ya haɗiye da ƙyar, ya ce, "Tanimu, wannan saniyar a kogi ta girma?"

Aka yi dariya, aka bar min. Ni kuwa ya yi min daɗi, na ci gaba da yi.

Bayan watanni ciki ya fara murɗawa. Sai gudawa, ta zo ta tafi. Sai kasala. Tafin ƙafata kamar ana tsira allura. A jirgin ruwan da ke kai mu Manhattan, inda teburina yake, na kasa zama, na kasa tsayuwa, sai zagaye.

Na ce ba ni da lafiya. Suka ce, "Yau kuma da wace ka zo?"

Da wandona ya fara zamewa, dariya ta tsaya. Wanda ya zauna New York a shekarun nan ya san abin da ake nufi idan saurayi ya rame. Ba wanda ya furta kanjamau. Kawai wata rana na dawo na tarar an zuba min tuwona a kwano daban.

Yaya Mamman bai kalle ni ba. Ya ce, "Don ka ci a natse ne, ƙanena."

Wannan kwanon ya fi ciwon zafi.

Asibiti kuma tsoro nake. Ba takardun zama, ba inshora, Turancina na ciniki ne. Anti Rifkatu, nas 'yar Kaduna da ke hawa na uku, ta tare ni a matakala. Ta ja fatar idona ta duba.

"Ɗan nan, ba ka da jini. Gobe ƙarfe bakwai."

"Anti, rama ce ta gayu."

"Ka yi wa likita gayun."

Aka ɗebi jini kwalba huɗu. Aka ba ni 'yar roba in kawo bayan gida. Gwajin da nake tsoro kuwa aka ce sai bayan mako biyu. Kuɗin asibiti Anti ta cike min takardar marasa ƙarfi, aka rage.

Mako biyun nan ban san me na sayar ba. In buɗe tebur, in rufe, in sake buɗewa. Ina Ƙulhuwallahu in manta inda na tsaya. Na fara rubuta wa Inna wasiƙa da ajami sau uku, ina yagawa.

Ranar sakamako likita ta ce babu kanjamau. Na yi hamdala. Sai ta tambaya, Anti na fassarawa, "Kana cin ɗanyen kifi?"

Na ce a'a, busasshe.

Da na bayyana yadda nake busar da shi, ta ajiye biro. Ta ce tsila ce, doguwar tsutsar ciki. An ga ƙwanta a bayan gidana. Ita ke shanye sinadarin da ke gina jini.

Na ce, "Ai na ruwan Allah na saya, ba na kiwo ba."

Ta ce shi ya fi ɗaukar tsutsar, don yana cin abin da ya samu a ruwa. Na kiwo abinci ake zuba masa, ya fi kitse, bai cika ɗauka ba. Kowanne da amfaninsa, amma a dafa.

Ƙwayoyi na sha sau ɗaya, sai alluran ƙarin jini na makonni. Abin da ya fita daga cikina ba zan faɗi tsawonsa ba, wasunku na cin abinci.

Sai likita ta miƙo min robobi huɗu. Duk wanda ya ɗanɗana sai an gwada shi.

Na jera su a gaban 'yan gidanmu, na yi bayani. Yaya Mamman ya ce, "Tanimu, iskancinka ya kai nan?" Sai da Anti ta sauko da takarda a hannu suka karɓa. Su Allah ya tsare su, ba a samu kowa da ita ba.

Shawarata: kifi, na kiwo ko na ruwan Allah, a dafa shi ya nuna har ciki. Shanya da yaji ba sa kashe tsutsa. In kun rame ku je a gwada, kada ku zauna kuna yi wa kanku lissafin kabari. In ɗan'uwa ya rame, ku raka shi asibiti kafin ku ware masa kwano.

Na gode wa Allah. Na gode wa Anti Rifkatu. Allah ya jiƙan Yaya Mamman, wanda da yammar ranar da na kawo sakamakona ya ɗauki kwanona ya juye a cikin faranti, ya matsa min wuri kusa da shi.

Ya ce, "Ka yafe mu. Sa hannu. Amma kicin, kai da shi har abada."