Akwatin kaset ɗin Alhaji

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Allah Ya jiƙansa. Ranar Juma'ar da muka yi masa addu'a a Ƙofar Marke, mu huɗu muka rage bayan an watse: ni, da ƙanensa Malam Sani, da ɗanmu Nasiru, da matar Nasiru, Hauwa, da tsohon cikinta.

Alhaji hatsi yake sayarwa, amma kunnensa na ga waƙoƙin duniya. Direbobi da alhazai ke kawo masa kaset daga Mali, Sudan, Habasha, har da ƙasashen da ban iya kama sunansu ba. Doka ɗaya gare shi: waƙa ba ta shiga gidansa sai ya san abin da take faɗi. Ya taɓa ajiye kaset wata bakwai a shago, sai da ya sami wani tela ɗan Mali ya fassara masa baiti-baiti. Ya rubuta da ajami a bayan kwali, sannan ya kawo gida. Ni ban yi karatu ba, amma duk wadda ya sa sai ya gaya mini ma'anarta, kuma ban manta ba.

Yau Nasiru ne mai “gano” mawaƙa. Yatsa kan waya, a ji wannan kaɗan, a tsallake, a ji wancan, a tsallake. Kafin shayi ya huce ya zaga ƙasa goma, bai san ko zagin uwarsa ake yi ba. Wai ya fi ubansa sanin kiɗan duniya. Da Alhaji na nan, ina jin ko tsaki ba zai ɓata a kansa ba.

Ranar addu'ar sai suka tayar da maganar akwatin kaset ɗin Alhaji. Malam Sani ya ce a ƙone shi, kada ya zame wa mamaci nauyi. Nasiru ya ce ba sai an ƙone ba, a zubar, komai yana waya. Don ya nuna mini, ya kunna sabuwar waƙar wata yarinya 'yar Mali, da jita da ganguna, ya ce ita ya zaɓa a sa ranar suna idan Hauwa ta sauka. Hauwa har tana kaɗa kai.

Na gane ta tun amshin farko. Tsohuwar waƙa ce aka yi wa sabuwar riga, ita ce wadda telan nan ya fassara.

Na ce, “Nasiru, ka san mi take faɗi?”

Ya ce, “Inna, ai daɗin ake ji.”

Na ce, “Uwa ce take kukan ɗiyarta da ta rasu wurin haihuwa.”

Hauwa ta miƙe ta shige ɗaki. Malam Sani ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Hukuncin kiɗa na bar wa malamai da Allah. Abin da na sani, mutumin nan bai taɓa bari a faɗi magana a gidansa ba tare da ya san ta ba, ko da bakin wata ƙasa ne. Wannan halin ne ya bari, ba a kuwa same shi a waya ba.

Da gari ya waye na sa hijabi, na ɗauki rediyonsa mai cin kaset na kai wa mai gyara a kasuwa. Ya yi dariya, ya ce an daina kawo kayan gyaran irin wannan. Na jawo bencinsa na zauna, na ce ya nema, ba sauri nake ba.