Turaren Saude da Sunan Yagana

A unguwar Limanti, can Barno, aka haifi Saude, a nan aka yanke mata cibiya, a nan ta binne miji, amma yau shekara hamsin ke nan Afuno ake ce mata, wato Bahaushiya. Mahaifinta tela ne daga Fagge. In ta je Kano kuma, dangi su ce ga 'yar Barno ta iso, su yi ta kwaikwayon maganarta. Ko'ina dai baƙuwa ce.

Haɗa turaren wuta ta koya tun tana yarinya, a gindin wata tsohuwar maƙwabciyarsu. Ta san lokacin da sukari ya kama itacen sandal ba tare da ya ƙone ba, ta san yawan farcen turaren da itacen hawi ke so, ta san kwanakin da kwalba za ta yi a rufe. Hannunta ya fi na kowa a unguwar, wannan babu tantama. Ita ce kawai ba ta yarda ba. In ta dubi Yagana, jikar tsohuwar nan, tana tafe cikin lafaya kamar da ƙamshi aka haife ta, sai ta ji ita kwaikwayo take yi. Wa zai sayi turaren Afuno? Don haka Saude ke haɗawa a bayan ɗaki, Yagana ta liƙa sunanta ta sayar. Yagana ba ta taɓa neman haka ba, Saude ce ta roƙa.

Bara Lubna, ƙanwar Saude, za ta aurar da 'ya a Kano. Ta bugo waya ta ce a taho mata da kwalba goma na Yagana, wai na Yaya yana da daɗi, amma harkar biki sai na masu abin. Saude ta ce to. Sati uku ta yi a kan murhu ita kaɗai, idonta na ruwa, ba duka saboda hayaƙi ba.

Ranar kamu aka zuba a kasko. Hira ta tsaya. Wata hajiya ta riƙe gyalenta a kan hayaƙin, ta ce ita dai ta san hannun Barebari daga nesa, Bahaushiya ko za ta shekara ba ta iya wannan. Mata suka fito da wayoyi.

Lubna ta juyo tana fara'a. "Yaya, wa ma ta haɗa? Ba su lambarta."

Maganar ta zo wa Saude har bakin leɓe. Ta dubi tafin hannunta da sukari ya ƙona, ta dubi matan, duk 'yan'uwanta, babu wadda take kallonta, wayoyinsu suke kallo. Ta ji tsoron in ta ce ita ce, ƙamshin zai ragu a hancinsu.

"Yagana sunanta," ta ce.

Ta karanto musu lambar da ka, a hankali, har sau biyu, don kada wata ta yi kuskure.