Shafukan da Baba Mai Benci Ya Zana

Shagon Baba Mai Benci bai fi a shimfiɗa tabarma biyu a cikinsa ba, amma yaran da suka iya karatu a ƙofarsa sun fi na wata makarantar yawa. Sana'arsa hayar littattafan zane ce, irin waɗanda labari ke tafiya gida-gida cikin hoto, magana tana fitowa daga bakin mutane a 'yar da'ira. Ba a tafiya da littafi gida. Ka wanke hannu a bokitin da ke ƙofa, ka miƙa 'yan canjinka, ka zaɓa, ka zauna a dogon benci ka karanta, ka mayar. Wanda ba shi da ko sisi yana iya leƙe ta kafaɗar wani, wannan kyauta ne. Laifi ɗaya ake korar mutum a kansa, shi ne ya faɗa wa na kusa da shi yadda labari zai ƙare.

Mutum ne siriri, mai rowar magana, da tabarau ɗaure da zare. A ƙuryar shagon akwai labule, bayan labulen akwai tebur da allura da zare da gam da reza da 'yan kwalabe. Kowa ya san a nan yake yi wa littattafan da yara suka galabaitar magani, kuma kowa ya ɗauka iyakar abin da ake yi a wurin ke nan.

'Ya ɗaya gare shi. Tun kanta bai kai tebur ba ita ke karɓar kuɗi tana hararar masu hannun maiƙo, shi ya sa yake kiranta Manaja, sunan kuma ya bi ta har gidan miji. Yanzu tana aiki a kantin magani, tana da 'ya'ya uku a ɗaki biyu, gidan da in ka shigo da sabuwar kujera sai wata ta fita.

Shekaru suka yi abin da suka saba. Waya ta kwashe yaran benci ɗaya bayan ɗaya, ciwon yana ya rufe idon Baba har ya zama rana kawai yake bambancewa da inuwa, sannan mai ginin ya sayar, aka ce kafin wata ya mutu a kwashe komai. Mai sayen tsohuwar takarda ya zo da sikelinsa, ya dubi kantocin nan daga ƙasa har rufi, ya faɗi abin da zai biya a kilo. Manaja dai ta ga hannun Baba ya tafi kan wani littafi yana shafa bayansa, ta kuwa rantse a ranta ko guda ba zai hau sikelin nan ba.

Haka ta shiga kasuwar intanet da wayarta mai tsagaggen gilashi. A nan ta haɗu da dillalin da ba a ganin fuskarsa, kuma ban taɓa jin dillali mai dogon hannu irinsa ba. Ka baje kayanka, ya karɓi nasa. An saya, ya cire la'ada. Kuɗin aikawa da mai saye ya biya, wanda ba naka ba ne, na gidan waya ne, shi ma sai ya gutsura. Ka ce a tura maka ragowar zuwa banki, nan ma a tsakure. In kuma kana so a ga kayanka a sama-sama, ba can ƙarƙashin na mutane ba, wannan wani kuɗin ne daban.

"Dillalan da na sani ko ba komai suna zuwa su yi gumi," in ji Baba. "Wannan a ina yake zama?"

"Ba ya zama, Baba. Ba mutum ba ne."

"To me yake yi da kuɗin?"

Amma duk da mitarsa, abin ya ɗaure masa kai. Littafin da ya tsinto a cikin dila tun Manaja ba ta yi wayo ba, wai ga mutum biyu a garuruwan da bai taɓa takawa ba suna rige-rigen ƙara kuɗi a kansa. Yakan sa ta karanta masa saƙonsu, ya ce ta maimaita. Naɗe littafin da za a aika kuwa bai yarda kowa ya yi ba. Shi zai sa kwali gaba da baya, ya lalubi kusurwa huɗu, ya ɗaure. Na farko-farkon da suka tafi duk yabo suka jawo.

Sai wata rana ɗaya ya dawo. Littafin wata yarinya ce mai kiwon tattabaru da uwarta ke kwance ba lafiya, ta ƙetare duwatsu neman magani. Duk shagon babu wanda Manaja ke so kamarsa, da ƙyar ma ta iya sa shi a kasuwa. Mai sayen ya rubuto cewa an cuce shi. Shafukan ƙarshe ba bugu ba ne, zanen hannu ne, kuma labarin ba haka ya ƙare ba: a na ainihin, yarinyar ba ta iso da maganin a kan lokaci ba, ta tarar an riga an binne uwar. Kasuwa ta mayar masa da kuɗinsa, ta riƙe la'adarta, ta ɗora wa Manaja kuɗin dawowa, sannan ta yi mata gargaɗi cewa in aka sake kama ta da jabu za a rufe mata shago.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Littafin da ta haddace tun tana ƙarama wani zai ce bai ƙare yadda ya ƙare ba? Daga wurin aiki ta zarce shago, ta danƙa wa Baba shi a hannu ta zayyana masa ƙaryar da aka yi musu. Ya buɗe daga baya, ya riƙa murza shafi ɗaya-ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni.

"Gaskiyarsa," ya ce. "Daga nan zuwa ƙarshe nawa ne."

"Naka kamar yaya?"

"Ni na zana."

Ya yi mata bayani kamar mai faɗin yadda ake ɗaure tsintsiya. Tsofaffin littattafai a dila suke zuwa, kuma ganyen baya ne ke fara tafiya. Yaro ya hana kansa alawa ya biya kuɗi, ya bi jarumi har bakin rami, ya juya shafi ya tarar da bango? Shi bai ga yadda zai karɓi kuɗin mutum ya sayar masa da rabin labari ba. Sai ya nemi takarda mai kauri iri ɗaya, ya shanya ta a kan rufi har ta yi launin tsufa, ya haɗa tawada, ya zauna bayan labule.

"To ina ka san ƙarshen, tunda ba ka gani ba?"

"Ban sani ba. Na dai karanta farkon, na ga inda ya kamata mutanen su je."

Washegari ta aro gilashin da suke duba ƙananan rubutun kwalba a kanti, ta ɗora a shafin. Inuwar da injin bugu ke yi da ɗigo-ɗigo, Baba ya yi ta da tsinin allura, ɗigo bayan ɗigo, dubbai a kumatun mutum ɗaya. Rubutun cikin da'ira ya kwaikwayi hannun mai littafin har yadda yake karkata harafi. Tattabarun ma fukafukinsu iri ɗaya ne da na shafin farko. Ta tashi a gindin teburin nan, ta ci abinci a kansa, ba ta taɓa sanin wane irin mutum ne ke miƙo mata cokali ba. Ta daɗe riƙe da gilashin, abin da take ji har da ɗan tsoro.

Dole aka tace littattafan, kuma ita ba ta iya bambancewa ko da gilashi sai ta daɗe. Shi kuwa da ba ya gani, taɓawa ɗaya yake yi. Ta miƙa, ya murza, ya ce "nasu" ko ya ce "da hannuna", ta ajiye dama ko hagu. Tulin hagu ya yi ta hawa har ya wuce na dama. Bakanike maƙwabcinsu, wanda a bencin nan ya girma, ya leƙo ya ji abin da ake ciki, ya tsaya da sifana a hannu.

"Baba, don Allah, sarkin 'yan fashin nan mai ido ɗaya, ya tuba da gaske ko kai ka sa shi?"

"Ni na sa shi. Ya ishe ni."

Bakanike ya koma garejinsa yana girgiza kai, ya ce shekara da shekaru yana ba 'ya'yansa misali da mutumin nan.

Manaja ta rubuta wa kasuwa, ta yi bayanin komai, ta tambaya ko za ta iya sayarwa in ta faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Amsar ta zo nan take, da ladabin da ba ya jin magana: littafin da ganyensa ya ɓace ana iya sayar da shi a matsayin ragagge, da araha, amma wanda aka ƙara wa abin da ba na mawallafi ba, jabu ne a wurinsu. Wata kuma ya kusa mutuwa, mai sikeli har ya fara ratsowa ta layin yana gaisuwa.

"Miƙo min reza," in ji Baba.

"Wallahi ba za ka yanke su ba."

"Ni na ɗinka, ni zan farke. Ragagge dai zai je hannun mai karatu. Ko kina da ɗakin da za ki zuba su?"

Ba ta da shi, kuma ya sani.

Kullum ta tashi daga aiki sai ta same shi a bakin ƙofa inda haske ya fi, littafi a cinya. Yatsansa zai bi tsakiyar littafin ya gano ɗinkin da ya yi tun kafin a yi mata aure, bakin reza ya shiga ƙarƙashin zaren, ya tsinke shi ɗaya-ɗaya, shafukan su zame ba tare da ko ƙwarzane ba. A bayansu sai ka ga tsohon yagun yara, baki-baki kamar cin ɓera. Ita kuma tana jera shafukan a kwali. Ragaggun suka riƙa tafiya a hankali, abin da ke saura bayan la'ada bai taka kara ya karya ba. Maigidanta ya ce yanzu ya gane, su duka ma'aikatan dillalin ne, albashi ne kawai ba a yanka musu ba. Ta yi dariya, don ba kuɗin ne ya kawo ta ba. Kantoci suna ta yin fili, kuma babu abin da ya hau sikeli.

Littafin mai tattabaru ta bari a ƙarshe, ta tura shi ƙarƙashin tuli har tulin ya ƙare. Baba ya karɓa, ya gane shi tun daga bango, sannan ya tsinke zaren farko. Shafin ya ɗaga kaɗan. Manaja ta sunkuya ta duba, ba ta ga cin ɓera ba. Gindin tsohon ganyen a miƙe yake sambal, yankan reza.

Ta riƙe masa wuyan hannu.

"Baba, wannan ba yara suka yaga ba."

"A'a."

"To wa ya yanke?"

Ya juya fuskarsa wajen titi.

"Sabo na saye shi, cikakke. Shekarar da mahaifiyarki ke kwance ne. Kin ɗauke shi kin maƙale, kullum ganye biyu, uku, kina bi da yatsa, kina zuwa ki ba ta labarin inda yarinyar ta kai. Sai na leƙa ƙarshen." Ya juya rezar a hannunsa. "Na ga saura kaɗan ki isa wurin. Ban iya bari ba."

Mahaifiyarta ba ta ga ƙarshen wannan shekarar ba. Manaja ta tuna watannin da suka biyo baya, gida cike da mata sannan ya koma wayam, ita kuma a ƙarshen benci da littafin nan, tana buɗe shi daga baya. Ta karanta shafukan nan har ba ta san adadi ba. A nan ne kawai yarinya ke isowa a kan lokaci, kuma ta ɗauka wani baƙo ne a wata ƙasa mai nisa ya san abin da take bukata.

Ta zare rezar daga hannunsa ta ninke ta. Bai hana ba.

"Wannan ba na kasuwa ba ne," ta ce.

"To. Ke ce Manaja." Ya shafa shafin da tafin hannu, ya miƙo mata. "Gaya min abin da ke nan. Sauri na yi a lokacin, ban ƙara dubawa ba, yanzu kuma ga idon."

Ta zauna kusa da shi a benci, ta fara. Ga yarinyar ta turo ƙofa, ƙafarta duk jini. Ga tattabaru a bakin taga. Ga uwar ta sha, ta buɗe ido, ta dafa gado ta tashi zaune. A nan muryarta ta tsaya, don sai yanzu ta dubi fuskar da kyau. A farkon littafin uwar doguwar fuska gare ta da sirrin hanci. Wannan kuwa mai kumatu ce, da ɗan tabo a gefen gira.

"Ci gaba mana," in ji Baba. "Ta yi kama?"

"Ta yi, Baba," ta ce. "Har tabon."