Kawu Mai Makullan Hawa na Huɗu

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe goma na safe, muna tsakiyar taron mako ta bidiyo, saƙo ya shigo zauren ma'aikata a waya: Allah Ya yi wa Kawu rasuwa da asuba a asibiti, bayan jinyar kwana tara. Manaja na ta bayanin aikin wata mai zuwa, bai gani ba tukuna. Na kashe kyamarata, na yi salati, na zauna ina kallon bango. Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa muka nufa.

Kawu, ko jinyar taka ban sani ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Shekara ashirin da shida kana kula da ofishinmu. Makullai, kujeru, fitilar da ta mutu, wa zai zauna ina, duk a hannunka suke. Babu wanda ya haɗa jini da kai a cikinmu, amma daga direba har shugaban kamfani Kawu muke ce maka. Lokacin da nake da cikin ɗana na biyu, lif ya lalace mako uku. Ban roƙi kowa komai ba. Wata safiya na iso ina fargabar matakala, sai na tarar da teburina a ƙasa kusa da ƙofa, har da kofin shayina a inda na saba ajiye shi. Kai da direba kuka sauko da shi. Da na yi godiya ka ce, "'Yata, ba don ke na yi ba, don baƙon da ke tafe ne."

Da kamfani ya yanke shawarar kowa ya koma aiki daga gida, ba ka yi gardama ba. Ka san abin da cunkoson motoci ke yi wa mutum, awa biyu zuwa, awa biyu komawa. Sai dai ka riƙa yi mana ba'a, kana kiran taron bidiyo taron kawuna. "Ni fa mutumin da ban ga takalminsa ba," in ji ka, "ban san yadda ya kwana ba."

Hawa uku muke haya a ginin, har da na huɗu. Aka saki biyu, sannan aka zo sakin na ƙarshe. Nan ne ka tsaya. Ka shiga wurin manaja ka ce masa ba kowane gida ne ke da kusurwar da za a ajiye tebur ba. Ni ce misalin da ka bayar, ko da yake ba ka ambaci sunana ba. A lokacin ɗaki da falo gare mu, yara uku, ga surukata kwance ba lafiya a falon. A bakin gado nake aiki, kwamfuta a cinya, ina toshe bakin ƙaramin da hannu in an kira ni. Aka bar maka ɗaki ɗaya a hawa na huɗu, tebur shida, bisa sharaɗin a ga ana zuwa. Ka sayi littafi ka ajiye a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo ya sa hannu.

Shekara guda cur a ɗakin nan na yi aiki, kuma shi ya hana ni ajiye aikin gaba ɗaya. Da muka samu gida mai faɗi, sai zuwana ya ragu, daga kullum zuwa sau biyu a mako, daga nan shiru. Haka sauran ma, kowa da dalilinsa. Mutum biyu suka rage: mai zanen talla da ke zaune da iyayenta da ƙanne bakwai, da wani abokin aikinmu da unguwarsu ba ta samun wuta da rana.

Wata huɗu da suka wuce ka kira ni. Ka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ce, "'Yata, ki riƙa leƙo mu ko da sau ɗaya a mako. Littafin nan ya yi fari da yawa, kuma za a duba shi." Na ce in sha Allah Litinin. Litinin ta zo aka yi ruwa. Wadda ta biyo baya na ji kasala. Ba ka sake kira ba, don ba halinka ba ne roƙon mutum sau biyu.

A wurin zaman makoki na ga abokan aikin da muka shekara biyu muna magana kullum ban taɓa sanin tsayinsu ba. Muka gaisa kamar baƙi a tasha. Matarka ta ce mini har a gadon asibiti kana tambaya ko an buɗe ɗakin da wuri, kada mai zanen talla ta tsaya a waje.

Jiya sanarwa ta fito cewa za a rufe ɗakin a ƙarshen wata. Na rubuta wa manaja takardar roƙon kada a rufe, na nemi sauran su sa hannu, mutum biyar suka amsa. Ban san ko zai yi amfani ba. Kullum ana gaya mana cewa haka aiki zai kasance nan gaba a manyan birane, kowa a ɗakinsa, kuma wataƙila gaskiya ne. Na dai gaji da jin maganar daga bakin mutanen da gidajensu ke da ɗakin karatu.

Ka yafe mini, Kawu.

Ya Allah Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa yadda ya yalwata wa bayinKa wurin zama. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa, da 'ya'yansa biyar, da jikokinsa. Allah Ya ba ku haƙuri da juriya, Ya tsaya muku a bayansa. Mu kuma da muka yi sakaci da shi yana raye, Allah Ya yafe mana, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.