Ɗanwaken da na ɓoye wa kaza a ciki

Shekarun baya, mahaifina ya yi doguwar jinya, aka sallamo shi ya dawo gida Ruwan Bago duk ya rame. Likita ya ce a dage masa da abinci mai gina jiki, musamman romon kaza, in ba haka ba zai sake komawa gadon asibiti. Na baro ɗakina a Karaye na zo taya mahaifiyata jinya.

Matsalar ita ce, a tsarin Baba kaza ta baƙo ce. Kaji fal tsakar gida, amma in ba Sallah ba, sai an yi baƙo ake taɓa su. "Ni da gidana a yanka mini kaza?" in ji shi. "Ku bar su, ba a san mai zuwa ba." Kokonsa kawai yake kurɓa, ƙafa kuwa ta ƙi ɗaukarsa. Tsoro ya kama ni sosai.

Sai dabara ta faɗo mini, irin ta mai ganin ta fi kowa wayo. Baba ba ya mayar da ɗanwake. Na sa yayana ya yanka daƙwalwar kaza a bayan gida, na dafa, na zare ƙashin, na daka tsokar a turmi. Na kwaɓa ta da garin wake da kuka da ruwan kanwa, na riƙa saki a cikin romon. Rabi ya wargaje ya koma kamar fate. Inna ta leƙa tukunyar ta ce, "Wannan ɗanwaken naki sai addu'a." Na tsame waɗanda suka taso da ransu, na zuba mai da yaji.

Loma ɗaya Baba ya yi ya ajiye tsinke. Mutumin da ya tsufa yana kiwon kaji, wai shi zan ɓoye wa ƙamshinsu.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "wane baƙo muka yi a gidan?"

Na ce, "Ni ce, Baba. Ai wadda ta yi aure baƙuwa ce."

Ya daɗe yana kallona, har na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Gara a ce ni aka yanka wa," ya ce a hankali. "Kada in ƙara jin kin kira kanki baƙuwa a gidan nan."

Ya jawo kwanon ya cinye, ya shanye romon. Daga ranar bai sake musu ba, kafin kaka ta yi da ƙafarsa yake zuwa masallaci.

Na je da niyyar yi masa wayo, sai na gano akwai abin da ya fi ƙarfin taurin kansa, kuma ni ce. Baba ya rasu tuni, Allah ya ji ƙansa. Gidan yanzu yana hannun yayana, kuma har yau in na je ba na yarda a yanka mini kaza.